Keken Ɗinki da Ranar Asabar

Ran 22 ga watan Satumba, shekarar 1964, da dare, aka ɗaga labule a wani babban gidan wasan kwaikwayo da a ke kira Imperial, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka. Cikin 'yan kallo akwai wani dattijo Bayahude, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen sana'ar ɗinka rigunan ciki na mata. Wanda ya shirya wasan kuwa ɗansa ne na cikinsa, Jerome Robbins, watau yaron nan da ya ƙi gadon sana'ar ubansa, ya bi rawa, har ya sake sunan gidansu. Da aka tashi daga wasa, sai tsohon ya bi ta bayan labule ya nemi ɗansa. Da ya gan shi, ya tambaye shi yadda aka yi ya san dukan waɗannan abubuwa. Suka rungumi juna, hawaye na zuba.

Wanda bai san gidan ba zai ce ina abin tambaya a nan, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma tambayar tana da nauyi, gama ɗan ya yi shekara da shekaru yana gudun duk abin da zai tuna masa da asalinsa. Kafin mai karatu ya gane abin da ya sa tsoho kuka, sai ya san wasan, ya kuma san labarin wani abu da aka ɗora bisa dandamali a daren nan, wanda da yawa cikin 'yan kallo dariya kurum ya ba su. Abin nan tsohon keken ɗinki ne.

Sunan wasan da Turanci Fiddler on the Roof, watau mai goge a bisa rufin ɗaki. An ciro shi daga labarun wani marubuci Bayahude wanda aka haifa a ƙasar Yukren a 1859, ya mutu a Niyok a 1916. Ya yi rubutunsa da harshen Yidish, harshen da Yahudawan gabashin Turai su ke magana da shi a gida da kasuwa. Sunansa na yanka Sholem Rabinovich, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin da ya sa wa kansa, Sholem Aleichem. Laƙabin nan gaisuwa ce, ma'anarta aminci ya tabbata a gare ku, mai karatu kuwa zai ji kamarta da sallamar da ya saba. Tsakanin 1894 da 1914 ya rubuta labarun wani talaka mai sayar da madara, Tevye, da 'ya'yansa mata. Bayan mutuwarsa da shekara kusan hamsin, mutum uku suka haɗa kai don su mai da labarun wasan waƙa. Joseph Stein ya rubuta zancen, Jerry Bock ya yi kiɗan, Sheldon Harnick ya yi waƙoƙin. Suka kira Robbins ya tsara yadda za a yi shi bisa dandamali.

Wasan ya faru ne a 1905, a wani ƙauye na ƙage, Anatevka, cikin mulkin Sarkin Rasha. A zamanin nan Yahudawa wajen miliyan 5 su ke zaune ƙarƙashinsa, aka keɓe musu yanki guda a yammacin ƙasar, wanda ba su da ikon zama wajensa sai da izini. An fara wannan keɓewa tun 1791, ba a soke ta ba sai 1917. A 1882 aka ƙara doka, aka hana su sabon zama a karkara. Loto-loto kuma sai 'yan iska su faɗa wa unguwarsu da duka da kisa da wasoso, hukuma na kallo. A garin Kishinev kaɗai, a 1903, an kashe mutum 49 cikin kwana biyu. Mutanen da ke zaune haka, ba ƙasa tasu, ba sarki nasu, abin da ya riƙe su shi ne al'ada. Ita ta faɗa wa kowa abin da zai ci da abin da zai sa, da ranar aiki da ranar hutu, da wanda zai aura.

Tevye yana da mata guda, Golde, da 'ya'ya mata biyar, da gurgun doki, har ya kan ja amalanken madara da kansa. Kullum kansa a rufe, a ƙarƙashin rigarsa kuwa akwai 'yar taguwa mai geza a kusurwa huɗu, kamar yadda Attaura ta umarta. Babbar rana a gidansa ita ce Asabar. Tun ranar Jumma'a kafin faɗuwar rana uwargida za ta kunna kyandir, a sa wa yara albarka, a zauna a ci abinci tare. Daga nan har taurari su fito daren Asabar ba mai taɓa aiki. Malamansu na dā sun lissafta ayyuka iri 39 da aka hana a ranar, cikinsu akwai hura wuta, da saƙa, da ɗinki. Ko ɗinki biyu tela ya soka da allura, ya keta hutun. Talaka kamar Tevye kwana shida bawan ciki ne, amma a rana ta bakwai ba mai aikensa.

An ce sa'ad da a ke shirin wasan, duk zaman da aka yi sai Robbins ya tambayi abokan aikinsa, wai wasan nan a kan mene ne? Su ce a kan mai madara ne da 'ya'yansa. Ya ce bai isa ba. Aka yi ta haka har ran nan Harnick ya gaji, ya ce a kan al'ada ne, da yadda zaman wasu mutane ya ke warwarewa. Robbins ya ce yauwa, abin da ya ke nema ke nan. Daga nan aka ɗinka kowane sashe na wasan bisa wannan zare, aka jera abubuwan da su ke taɓa al'adar gidan Tevye ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Na farkonsu ya shigo ta hannun wani matsoracin tela.

Sunan telan Motel. Tun suna yara ya ke wasa da Tzeitel, babbar 'yar Tevye, har suka yi wa juna alkawarin aure a ɓoye. Wannan kuwa ba a yi a Anatevka. Aure aikin mai dalilin aure ne da iyaye, yarinyar da ubanta ba shi da dukiyar da zai raka ta da ita ba ta da zaɓi. Mai dalilin aure ta kawo maganar Lazar Wolf, mahaucin garin, mai kuɗi, wanda matarsa ta mutu, ya kuma isa ya haifi yarinyar. Tevye ya amsa, aka sha aka yi murna. Shi kuwa Motel ya yi shekara guda yana jan ƙafa, yana ce wa Tzeitel ta yi haƙuri har ya tara kuɗin keken ɗinki, sa'an nan ya sami bakin zuwa wurin ubanta. Da ya ga za a yi babu shi, sai ya tsaya gaban Tevye, jiki na rawa, ya nemi aurenta da bakinsa. Tevye ya yi fushi, ya auna ta nan ya auna ta can, ya dubi idon 'yarsa, ya yarda. Sa'an nan ya ƙaga wani mugun mafarki ya tsorata Golde da shi, don ita ma ta janye daga maganar mahauci.

To, me ya sa saurayi ya rataya dukan begensa ga ƙarfe? Duk wanda ya taɓa zama a rumfar tela ya san amsar. Keke yana ɗinki da zare biyu, ɗaya daga sama cikin allura, ɗaya daga ƙasa cikin kwarkwaro, su sarƙe a tsakiyar ƙyalle, ƙafa tana taka fedar, hannu yana tura yadi. A Amurka, cikin ƙarni na 19, an gwada an ga taguwar namiji guda ta kan ci awa 14 da ɗinkin hannu, amma da keke awa ɗaya da 'yan mintoci ta isa. Wani Ba'amurke, Isaac Singer, ya yi rajistar irin nasa keken a 1851. A 1856 kamfaninsa ya fito da dabarar sayarwa bashi, a ɗauki keke a riƙa biya kaɗan kaɗan, har talaka ma ya iya sa rai. Kafin zamanin Motel kamfanin ya riga ya gina babbar masana'anta a Podolsk, kusa da Mosko, dillalansa suna yawo ƙauye ƙauye. Saboda haka lissafin mai dalilin aure ya fara ɓaci. Dā ɗan tela matsiyaci zai mutu matsiyaci, yanzu kuwa yana iya nuna abin da zai ci da mace da shi, ba tare da gado ko surukin mai kuɗi ba. Allura ta tono garma.

Sai a sashe na biyu na wasan keken ya iso, bayan an yi aure har an haihu. Labari ya bazu a gari cewa an yi sabon baƙo a gidan Motel, mutane suka yi ta tururuwa kamar masu zuwa barka. Da aka shiga, ashe baƙon keke ne, tsoho ma, wanda wani ya riga ya mora. Motel yana ta nuna shi yana fahariya, wai daga yau ɗinkinsa zai fita daidai, ba karkata irin ta hannu. Malamin garin ya zo, tsoho tukuf, aka roƙe shi ya sa wa keke albarka, ya kuwa sa. A nan 'yan kallo su kan fashe da dariya, ganin rawani da gemu a kan ƙarfen Turawa.

Amma in an duba, malamin bai yi wauta ba. Ba abin da keken ya rushe cikin shari'arsu. Attaura ta hana su haɗa ulu da lilin a tufa guda, keke kuwa abin da aka ba shi ya ke ɗinkawa, kulawa tana ga tela. An hana ɗinki ran Asabar, keke kuwa ba ya motsi sai an taka shi. La'asar ɗin Jumma'a Motel zai ɗauke ƙafarsa, ya rufe shi da ƙyalle, ya tafi gida wurin kyandir. Keken nasa ne, rumfar tasa ce, lokacinsa yana hannunsa. Abin da ya sake a Anatevka shi ne an sami saurayi mai bakin magana gaban manya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma gida yana iya ɗaukarsa, gidan Tevye kuwa ya ɗauka.

Akwai waɗansu kayan zamani biyu cikin wasan, su ne jarida da jirgin ƙasa. Jarida ta kawo wa ƙauyen labarin ana korar Yahudawa daga wani gari, mutane suka tsawata wa mai karanta ta don bai kawo labari mai daɗi ba. Jirgin ƙasa kuwa shi ya ɗauke Hodel, 'ya ta biyu, wadda ta bi wani ɗalibi ɗan gwagwarmaya, Perchik, da aka kama aka kai shi Sibiriya. Uban ya raka ta tasha ya tsaya cikin sanyi, bai san ko zai sake ganinta ba. Ta uku, Chava, mai son karatu, ta fara da aron littafi daga hannun wani saurayi Kirista, Fyedka, ta ƙare da aurensa. A nan Tevye ya cije. Ya ce wa iyalinsa su ɗauka ta mutu. Ya haɗiye maganar tela, ya haɗiye ta ɗalibi, amma wannan ta fi ƙarfin maƙogwaronsa. A ƙarshe kuma abin da ya tashi Anatevka takarda ce daga hukuma: an ba Yahudawan garin kwana uku su sayar da abin da su ke da shi su fita. Suka ɗaure tukwane da katifu, kowa ya kama hanyarsa. Motel da Tzeitel suka nufi Polan don su tara kuɗin jirgi, Tevye da Golde da ƙananan yara biyu suka nufi Amurka. Wajen rabuwa Tevye ya yi wa Chava addu'a ƙasa ƙasa, bai dube ta ba, ya bar yayarta ta isar mata.

Nan labule ya sauka. Amma mutane da yawa cikin masu kallon daren nan sun san abin da ya biyo baya, gama iyayensu ne suka yi tafiyar. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, mafi yawansu suka sauka a Niyok. Sana'ar da ta karɓe su ita ce ɗinki. Keken nan da aka sa wa albarka a ƙauye, shi suka tarar yana jiransu, amma an jera shi ɗari ɗari cikin dogayen ɗakuna, mai shi daban, mai taka shi daban. Ana aiki awa goma ko fiye a rana. A waɗansu wurare ma'aikaci shi zai biya kuɗin allura da zare. Da ya ke ranar hutun ƙasar Lahadi ce, Asabar ranar aiki ce, har ya zama sananniyar magana cewa wanda bai zo ran Asabar ba, kada ya wahalad da kansa zuwa ran Litinin. Mutumin da ya riƙe hutunsa ƙarƙashin bulalar Sarkin Rasha, sai ga shi ya sake shi a ƙasar 'yanci, saboda kuɗin haya da bakin yara.

Wahala ta yi yawa har a watan Nuwamba na 1909 wata budurwa maɗinkiya, Clara Lemlich, wadda ita ma daga Yukren ta zo, ta miƙe a wani babban taro ta yi magana da Yidish, ta ce a daina surutu a ajiye aiki. Ma'aikata wajen 20,000 suka bi ta, yawancinsu 'yan mata, suka yi makonni cikin hunturu. Waɗansu masana'antu suka sassauta, waɗansu suka ƙi. Ran 25 ga Maris, 1911, dab da tashi daga aiki, gobara ta kama a masana'antar Triangle, a hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani dogon gini. An kulle wata ƙofar fita. Mutum 146 suka mutu, 123 daga cikinsu mata ne, yawancinsu 'yan ci-rani Yahudawa da Italiyawa, waɗansu wuta ta ci su, waɗansu suka faɗo ta taga. Masu masana'antar su biyu su ma Yahudawa ne da suka zo daga Rasha hannu wofi, suka ɗaukaka ta hanyar ɗinki. Ranar kuwa Asabar ce. Bayan wannan masifa jihar Niyok ta kafa dokoki fiye da 30 don kiyaye ran ma'aikata.

Cikin wannan kogin mutane mahaifin Robbins ya zo, daga wani ƙaramin gari, Rozhanka, wanda yau ya ke cikin ƙasar Belarus. Ya fara da kantin abinci a Niyok, daga baya ya ƙaura da iyalinsa hayin kogi, jihar New Jersey, ya haɗa kai da dangi suka buɗe masana'antar ɗinka wata irin rigar ciki mai matse ƙugu da matan Turawa su ke sawa a lokacin. Shi dai ya tsallake, ya shiga sahun masu keke. An haifi ɗansa a 1918, aka sa masa suna Jerome Rabinowitz. Ma'anar sunan gidan ɗan malami, shi ne kuma sunan gidan marubucin labarun Tevye, ko da ya ke ba dangi ba ne. Burin uban yaro ya yi karatu ya gaji masana'anta. Yaro ya shiga jami'a ya yi shekara guda, kuɗi ya yanke saboda karayar ciniki da ta auka wa Amurka daga 1929, ya fito. Aka nuna masa hanyar ɗakin ɗinki, ya ce shi rawa zai koya. Ya yar da Rabinowitz ya ɗauki Robbins, don kada suna ya tona shi. A 1944 ya yi suna, a 1957 ya shirya West Side Story, duniya ta san shi. Amma cikin takardun da ya ke rubuta sirrin zuciyarsa ya faɗa da kansa cewa ya daɗe yana jin kunyar zamansa Bayahude.

Duk da haka akwai abin da bai iya yarwa ba. A 1924, bai cika shekara shida ba, uwarsa ta kai shi Rozhanka ya ga kakansa. Ya yi 'yan watanni a can, ya ga gidajen katako da kasuwa da kyandir ɗin daren Asabar, ya ji waƙoƙin tsofaffi, abin ya zauna masa a rai. Cikin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1939 da 1945, 'yan Nazi na Jamus suka hallaka Yahudawa miliyan 6, irin waɗannan garuruwa suka ƙare ƙurmus da mutanensu. Saboda haka da aka kawo masa aikin wasan, ya ɗauke shi kamar biyan bashi. Ya tara littattafai da tsofaffin hotuna. Ya riƙa zuwa bukukuwan auren Yahudawa masu riƙon addini a Niyok yana kallon yadda maza su ke rawa, har ya ga mai rawa da kwalba bisa kai, ya sa wannan cikin bikin Motel. Abin da ya ƙi koyo a gida kyauta, ya koma ya neme shi da wahala yana ɗan shekara arba'in da biyar. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Har waƙa guda aka yi wa keken, wadda Motel da Tzeitel su ke rera masa a hankali kamar masu lallashin jariri. Da aka gwada wasan a birnin Detroit kafin a kai shi Niyok, aka ga 'yan kallo ba su motsa da ita ba, sai aka cire ta, aka bar keken da 'yar dariyarsa. Akwai kuma abin da masu wasan suka tausasa. Cikin labarun Sholem Aleichem Motel bai kai ko'ina ba: aiki ya cinye shi, tarin fuka ya kashe shi, Tzeitel ta komo gidan ubanta da marayu. Marubucin ya san rumfunan teloli na zamaninsa da ƙurarsu da duhunsu. Masu wasan 1964 sun bar telan da rai, sun ba shi hanyar Amurka, watakila don kakanninsu ne, ba su so su binne shi sau biyu.

Wasan ya karɓu fiye da zaton masu shi. An yi shi sau 3,242 a jere kafin a rufe a 1972, a lokacin kuwa ba wasan da ya taɓa daɗewa haka a manyan gidajen wasa na Niyok. A 1971 aka mai da shi sinima. Da aka kai shi Tokiyo a 1967, Joseph Stein ya ba da labari cewa wani mai shirya wasa na Japan ya tambaye shi ko Amurkawa suna gane wasan kuwa, gama shi a ganinsa labarin gidajen Japan ne. A 2018 aka yi shi a Niyok da Yidish, harshen Tevye na ainihi, jikoki suka zauna suna karanta fassara a bango don su fahimci maganar kakanninsu. Shi kuwa Robbins bai sake shirya sabon wasan waƙa irin wannan ba. Ya koma ga rawa zalla, a ƙarshen ransa kuma ya yi ta fama da wani wasa game da shi da ubansa, wanda bai taɓa fitar da shi ga jama'a ba har ya mutu a 1998.

Jikokin Tevye masu riƙon al'ada ba su bar wannan gwaji ba har yau, sai dai keken ya sake kama. Malamansu sun zauna a kan lantarki, da mota, da wayar hannu, kamar yadda tsohon malamin Anatevka ya tsaya a kan keke. Ba su haramta su ba. Kwana shida suna aiki da su kamar kowa. Amma in rana ta kusa faɗuwa ran Jumma'a, sai a ajiye mota, a kashe waya a sa a aljihun tebur, fitilun gida kuwa a ɗaura su ga agogo mai kunnawa da kashewa da kansa. Awa ashirin da biyar ba mai kiransu. Wanda aikinsa ya ba shi wannan dama ya gaji Motel na ƙauye. Wanda uban gidansa ya ke iya tashinsa da waya ko da tsakar dare, ya gaji 'yan matan Triangle, ko da kujerarsa mai laushi ce.

Zamani riga ne, ba mai ƙin sa shi ya zauna lafiya, malamin Anatevka ma bai ce a ƙi ba. Abin dubawa ga duk wanda sabon inji ya shigo gidansa, ko tela ne ko manomi ko ma'aikacin ofis, shi ne ko yana da ikon ɗauke ƙafarsa ranar da ya ga dama. Tsohon nan da ya bi ta bayan labule a 1964 ya san keken ta fuska biyu. Ya baro garin da a ke rufe shi da ƙyalle ran Jumma'a, ya tsufa a ƙasar da ba a barinsa ya huce. Da shi ya ci da iyalinsa, a kansa kuma ya yi saɓani da ɗansa. Garin ya ƙone, mutanensa sun ƙare, yana zaton ba sauran mai tunawa sai shi da tsararrakinsa. Sai ga shi a daren nan, yaron da ya guji ɗakin ɗinki ya tā da masa garin gaba ɗaya bisa katako, da kyandir ɗinsa, da malaminsa, da telansa yana taka keke.